Mai Gas da Bawul ɗin Fitilar Gado

Ni dai ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irin mijina ba, kuma ba jiya na fara zama da mutane ba. Sunana Tani. Nasa sunan ba ya fita bakina, amma tunda labarinsa zan ba ku, bari in runtse ido in faɗa sau ɗaya, Allah ya yafe mini: Inuwa. Daga nan kuma sai dai ku ji na ce Malam. Mutane kuwa, daga Tiga har Kwanar Dangora, Mai Gas suka sani, in ka ce Inuwa sai an tsaya ana tambayarka wane Inuwan. Kada kuma ku ji ina zazzaga masa ku ce matar nan ba ta da ladabi. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, taubasai muke tun kafin a ɗaura mana aure, kuma auren bai soke wasan ba.

A tsohon gari aka haife mu, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam. Ni ban riƙe komai na garin ba sai wata tsamiya a ƙofar gidanmu, don ina ƙarama aka tashe mu. Shi kuwa ya yi wayo, kuma abin da ya fi riƙewa shi ne fitilar mahaifinsa, Kawu. Wata shekara da gyaɗa ta yi kyau Kawu ya sayo ta a Kano. Fitilar gas ce, irin mai tankin tagulla da ake zuba wa kananzir, a yi mata famfo, ta riƙa huci tana ba da farin haske. Duk garin ita kaɗai ce. Da ita ake tafsiri, da ita ake biki, in haihuwa ta zo da gardama ita ake aikowa a ara. Malam ne mai yi mata famfo tun yana ɗan ƙanƙani. Ranar tashi ma, da kowa yake ta kai-kawo da tukwane da awaki, an ce shi rungume ta ya yi a ƙirji, ya ƙi yarda a ɗora ta a kan jaki.

Da aka zube mu a sabon matsuguni, maza suka rabu biyu, wasu suka shiga kamun kifi, wasu suka kama noman rani. Malam ya gwada duka. Kwalekwale yana sa shi amai, tumatir kuma sai ya shuka ya manta da ranar ban-ruwa. Da ya zama saurayi sai ya tattara ya tafi Kwanar Dangora, ya zauna a hannun wani tsoho mai gyaran fitilu har ya ƙware, ya kafa tasa rumfar a bakin titi. A lokacin ai kasuwa ce. Mai shayi da gas, mai tsire da gas, mai burodi da gas, motocin Zariya suna tsayawa kwanar nan tana ta huci kamar gidan kumurci. Da wannan sana'a ya aure ni, da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi wa 'ya'ya aure. Ba zan ci haƙƙinsa ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba, sai dai tuwonmu ma ƙanshin kananzir yake yi.

Sai janareto ya zo. Sai fitilun batir suka zo, masu araha kamar banza. Sai ga sola. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya koma gyaran risho, shi ma rishon aka daina yayinsa. A ƙarshe ya kwashe kayan aikinsa a wani tsohon akwatin ƙarfe ya dawo gida, ya kama noman albasa ba don yana so ba. Amma sunan ya zauna. In ya ga fitilar sola a gidan mutane sai ya kau da kai, wai haskenta ba shi da rai. Na ce to, ka zauna da mai ran, mu dai muna ganin gabanmu.

Maganar ido a hankali ta fara. Ya fito ɗaki ya yi ƙwallo da buta, ya ce ni na ajiye ta a hanya. Ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce kofin ne ƙarami. Komai ni ce, komai kayan gida ne. Sai da ya shiga kwata da rana tsaka, a hanyar da ya shekara yana bi, sannan babban ɗanmu Sagir, wanda yake tuƙin bas a hanyar Kano, ya zo ya durƙusa ya roƙe shi, muka kai shi asibitin ido a birni.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama kuma yana bin sa, amma in aka yi aiki da wuri za a iya tsare abin da ya rage. Ya ba mu maganin ɗigawa, ya sa mana ranar dawowa, ya dube ni ya ce, “Mama, kada ku wuce wannan lokaci. Abin da ciwon nan ya ci ba ya amayarwa.” Na ce in Allah ya yarda ko a kai zan ɗauko shi.

Ko kwana uku ba mu yi da dawowa ba sai ga Yaya Sha'aibu ya yi sallama da buhu a kafaɗa.

Yaya Sha'aibu wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, masunci ne, hannunsa kamar dutsen niƙa, kuma kunnensa ya yi nauyi. Tun da Kawu ya rasu aka raba gona, aka raba tumaki, har tabarmi aka raba, amma fitila aka rasa yadda za a yi da ita. Ba ta rabuwa, ba kuma wanda ya yarda a sayar. Sai aka ce ta zauna a hannun babba kafin a yi shawara. Shawarar da ba a yi ba ke nan har gashin kowa ya yi fari. Shi Yaya bai iya kunna ta ba, shi kuma Malam, da yake gyara fitilun duk duniya, bai taɓa buɗe baki ya ce a ba shi ta ubansa ba, wai kada a ce yana kwaɗayin kayan gado. Haka ta yi ta kwana a rumbu da guntun kananzir a cikinta, damina ta zo ta wuce, ta zo ta wuce.

Yaya ya sauke buhun ya ce, “Ina gyaran rumbu na ci karo da ita. Ka tashe ta. Ina so bana a yi tafsiri da ita kamar zamanin Baba.”

Wallahi da na ga yadda Malam ya sa hannu biyu ya karɓe ta, na san na shiga uku.

Ta yi kore shar, ƙwanta ya yi duhu, gidan zanzaro har biyu a jikinta. Ya wargaza ta a kan tabarma, ya sa na jiƙa tsamiya ya wanke tagullar har ta dawo kamar zinariya. Komai ya kwance masa lafiya lau, sai abu ɗaya. A can ƙasan bututun famfo, inda yatsa ba ya kaiwa, akwai wani ɗan bawul, girmansa bai fi ƙwallon dabino ba. Shi yake barin iska ta shiga tanki, ya hana ta dawowa. Robar cikinsa ta bushe, dole sai an kwance shi an sauya ta. Bawul ɗin kuma ya cije, ya ce sam ba inda za shi.

Na ce, “To a bar shi mana, a kunna haka.”

Ya ce, “In kunna haka kananzir ya biyo famfo ya yi tsiri, wuta ta kama? Gidan kike so in ƙona?”

“To a ajiye ta, mu je a yi aikin ido, ka dawo ka yi da ido mai kyau.”

“Kwana biyu ne, Tani. Ya ɗan sha mai zai saki.”

Kwana biyu! Ku riƙe wannan kwana biyun.

Yana da wani dogon mabuɗi da ya ƙera da kansa tun yana kwana, sandar ƙarfe ce da aka tsaga bakinta yadda za ta kama kafaɗun bawul guda biyu. Kullum da safe sai ya ɗiga kananzir da man birki a bututun, ya sa in tafasa ruwa ya tsoma gindin tankin, ya zura mabuɗi, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa, ya murɗa kaɗan, kaɗan ɗin da ko sauro ba zai ji ba. Sai ya ajiye ya ce sai gobe. In na yi magana ya ce tagulla lallashi take so, in ka nuna mata ƙarfi sai ta gutsure. Na ce ni da na shekara arba'in a gidanka ban ga irin wannan lallashin ba. Ya ce ai ni ban taɓa cijewa ba, baki ne da ni kamar famfon da ya lalace.

Ranar likita ta matso. Na tuna masa, ya ce, “Sannu ba ta hana zuwa.” Na ce, “Ƙarasa mana, sai dai a daɗe ba a je ba!” Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Gaskiya dai lallashin ya so ya yi aiki. Wata safiya ina shara na ji ya ce, “Alhamdu lillahi, ya yi magana.” Wai ya ji bawul ɗin ya ɗan yi ƙara a hannunsa, gobe ko jibi zai juya. Har na fara haɗa kayan tafiya. Ban gama ninke zani ba sai ga sallamar Yaya Sha'aibu, ya zo duba aiki.

A nan ne zan gaya muku abin da yake ci mini rai har yau. A gidansu ba a ce wa babba a'a. Malam da jikokinsa, da furfurarsa, in Yaya ya shigo sai ya sauka daga tabarma ya tsuguna, ba ya ɗaga ido ya dube shi. Babban wa uba ne, na sani, ni ma haka aka rene ni. Amma ai ko uba ne ya ɗauko guduma ya nufi abin da bai sani ba, a ce masa, “Baba, a yi haƙuri.”

Yaya ya tsaya ya ga yadda ake ɗiga mai ana ƙwanƙwasawa, ya yi tsaki ya ce, “Wannan ai wasan yara kake yi. Injin ban-ruwa ma in ya cije duka ɗaya nake masa. Kawo nan.”

Ina bayan zana ina ganinsu. Na yi tari. Na sake yin tari har maƙogwarona ya yi zafi. Na saki murfin tukunya a ƙasa da gangan. Malam ya ji ni sarai, na ga yadda wuyansa ya sandare. Amma ya ɗauki tankin da hannu biyu ya miƙa, ya ce, “To, Yaya.”

Yaya ya ture mabuɗin gefe, ya zaro wata ƙatuwar sukudireba daga aljihu, ya sa aka miƙo masa guduma. Ƙwas! Ƙwas! Ya murɗa da ƙarfinsa na jan komar kifi. Na ji wani ƙurrr, abin ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Ya leƙa ciki, ya girgiza tankin, wasu 'yan ɓarɓashin tagulla suka zubo a tabarma. Kafaɗun bawul ɗin ke nan, ya cinye su tas.

“Abin nan ya tsufa,” in ji Yaya. “Amma na sassauta maka shi. Ka ƙarasa.”

Kun san abin da mijina ya ce? “Sannu da ƙoƙari, Yaya. Allah ya ƙara girma.” Sannan ya ɗaga murya ya ce, “Tani, kawo wa Yaya fura.” Fura! Na dama ta cike da takaici, na kai na durƙusa na ajiye, har da cewa a sha lafiya. Ni ma ɗin ai ban cancanci in yi wa wani gori ba.

Da Yaya ya tafi, Malam ya zura mabuɗinsa. Ya juya fayau, ba abin da ya kama. Ya daɗe zaune da shi a hannu. Ni kuwa na buɗe baki, abin da ya fito ya fito. Na ce kai ne gwani, kai ne Mai Gas, duk ƙasar nan an san ka, ka zauna kana kallo an kashe maka aiki saboda kalma ɗaya ta gagare ka? Ya ce, “Wana ne.” Iyakar amsarsa ke nan.

Ranar likita ta zo ta wuce. Sagir ya bar lodi ya zo da mota har ƙofar gida, uban ya ce ya je zai neme shi. Ya sake zuwa, ya sake komawa kujera wayam. Yaro ba shi da bakin yi wa uba musu, ciwon gidan ke nan. Ni dai ina ɗiga magani safe da yamma, ina kallon abin yana ƙaruwa. Ya daina leƙa bututun, sai dai ya yi ta laluben sa da sandar ƙarfe. In na miƙa masa abu sai ya kai hannu gefe. Ran nan na tarar ya shimfiɗa dardumar salla ta karkace daga alƙibla, na lallaɓa na gyara ta. Da na koma madafa sai da na yi kuka, na ce hayaƙi ne.

Sai na yi tunani, tunda maganar Yaya ce kaɗai take shiga kunnensa, bari in je can. Na sa mayafi na tafi, na gaishe shi, na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, “Yaya, don Allah ka umarci ƙaninka ya je asibiti. Idon nan tafiya yake yi.”

Ya ce, “Ai saura kaɗan, na sassauta masa. Ya gama tukuna. Likita ba Allah ba ne, Tani. Baba ma har ya rasu da tozali yake gyara idonsa.” Har ya ɗebo mini tozalin a takarda in kai masa.

Na fito ina ji kamar in fashe. Babba ya ce a gyara fitila, ƙarami ba zai tashi ba sai ya gyara, babba kuma ba zai ce a tashi ba sai an gyara. Ido yana tsakiya.

Da na dawo na tarar da shi a inda na bar shi. Na sunkuci tankin na ce, “Wallahi yau sai na jefa ta a dam, ta je ta tarar da garinsu!” Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi faɗa da na ji daɗi. Sai ya yi magana a hankali.

“Tani, zauna.”

Na ƙi zama.

Ya ce, “Kin tuna mai tsiren nan na kwana, da aka kai shi aikin ido da ido ɗaya ya dawo babu ko ɗaya? Ban ce haka za a yi mini ba. Amma in aka yi, wa zai tashe ta? Duk masu yi sun mutu. Tun ina yaro rabona da haskenta. So nake in gan ta tana ci sau ɗaya, sannan su yi abin da za su yi.”

Na ce, “To tsoro kake ji, ka ce tsoro kake ji.”

Ya ce, “Ina ji.”

A shekarunmu tare ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Na ajiye tankin. Haushi bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Na ce, “Naka idon ba ya gani, nawa yana gani. Gaya mini abin da zan yi, mu gama da wannan jaraba mu tafi.”

Haka na zama 'yar koyon gyaran fitila da tsufana. Ya ce in haska bututun in gaya masa abin da ya rage. Da me zan haska? Da fitilar wayata, irin hasken da ya ce ba shi da rai. Na gaya masa haka, ya ce in bar surutu in duba. Na leƙa na ce kan ya zama kamar goron da aka gutsura, amma gefe ɗaya da ɗan saura. Ya sa Sagir ya kawo sabuwar sandar ƙarfe. Ni na tsaga bakinta da zarto, ni na goge da magagari, shi yana shafawa da yatsa yana cewa, “Ya yi faɗi. Sake.” Na sake. “Kin ci gefe ɗaya. Sake.” Hannuna ya yi kanta, tuwona ya ƙone, albasarmu ta kai cira sai maƙwabta ne suka taimaka. Ranar da na ce na gaji, cewa ya yi shi ya yi shekara yana share rumfa kafin a ba shi magagari ya riƙe. Na ce to ka gode wa Allah ni ba a rumfarka nake ba, da tuni na gudu.

Da bakin mabuɗin ya yi yadda yake so, matsattse, sai ya dasa shi a kan guntun bawul ɗin, ya bubbuga a hankali har ya zauna daram. Ya ce yanzu saura abu biyu: abin da zai riƙe tankin kada ya motsa, da nauyin da zai danne mabuɗin kada ya yi tsalle, don in ya zame sau ɗaya shi ke nan, babu sauran abin kamawa. A rumfarsa da akwai maɗamfari na ƙarfe, amma ya daɗe da sayar da shi. Ya shiga lissafin wanda za a aika Kiru ya aro. Na ce, “Wani satin ke nan kuma? Ina!” Na mirgino turmina.

Ya ce, “Turmi?”

Na ce, “Turmi. In bai yi maka ba, ka tashi mu tafi Kano.”

Na naɗe tankin da tsohon zani, na cusa shi a turmin a karkace yadda bututun zai kalli sama, na cika gefe da tsumma har ya ƙi motsi. Ya shafa ko'ina, bai yaba ba, amma bai kushe ba, wanda a wurinsa yabo ne. Muka zuba ruwan zafi, muka jira. Ya zura ƙusa a hujin mabuɗin ta zama maƙama. Na ɗora gindin taɓarya a kan mabuɗin, na kama da hannu biyu, na sakar mata duk nauyina. Ni kuma ba ƙarama ba ce.

Ya ce, “Kada ki yi numfashi.”

Na ce, “Sai in mutu?”

“Ki mutu kaɗan.”

Ya yi bisimilla. Ya fara murɗawa ta wajen ɗaurewa, har na buɗe baki zan ce ya yi kuskure, sai ya dawo da shi baya. Shiru. Jijiyoyin hannunsa suka tashi. Sai na ji ƙiiƙ, ta cikin taɓaryar har ƙirjina. Ya tsaya. Ya ƙara. Ƙiiƙ. Sannan ya tafi sumul kamar bai taɓa gardama ba.

Na saki taɓarya na rangaɗa guɗa, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu. Ya zaro tankin ya zazzage bawul ɗin a tafin hannu, ɗan baƙin abu mai kore-kore. Na dube shi na ce, yanzu a kan wannan aka ƙare rani? Ya murza shi a yatsa, ya kai hanci ya shaƙa, yana murmushi.

Na ce, “Sai Kano.”

Ya ce, “Saura roba. Da fatar famfo. Da riga.”

Innalillahi! Amma na riga na san ba ja da shi ake ba. Na yanka robar daga wata tsohuwa ta injin ban-ruwa, na yanka fatar daga takalminsa na jiƙa ta a mai. Rigar kuwa, wato farar ragar nan da ake ɗaurawa ta ɗauki haske, yana da saura a gwangwani tun na kwana, a naɗe a takarda. Yatsunsa suka mayar da komai mazauninsa, ni ina miƙo abin da ya faɗi.

Ranar kunnawa bai iya jiran magariba ba. Bayan la'asar ya sa aka kira Yaya, muka shiga ɗaki, na rufe ƙofa na toshe taga da bargo. Na zuba sifirit a ɗan kaskon da ke ƙarƙashin riga, na ƙyasta ashana yadda ya ce. Rigar ta ƙone ta zama toka, ta tsaya a ɗaure. Ya jira, yana kara bayan hannu yana jin zafi. Sannan ya kama famfo. Ya buga, ya tsaya ya saurara. Ba abin da ya dawo, bawul ya riƙe. Ya ci gaba da bugawa, ya murɗa maƙunni. Ta yi tari, ta yi fuf, sai huci ya cika ɗakin.

Kai jama'a! Ban san haka take ba, ko kuwa na manta. Har tsagar bango sai da ta fito, har zaren gizo-gizo na can saman azara. Na kare idona da mayafi. Yaya Sha'aibu, wannan ƙaton, ya ce, “Allahu akbar, Baba,” muryarsa ta karye, ya juya baya yana goge fuska da hula.

Na juyo in ce wa Malam to ga ta nan, hankalinka ya kwanta. Sai na ga ya kai fuskarsa dab da ƙwan, har zafin yana taɓa gemunsa, idanunsa a buɗe tar, ko ƙiftawa ba ya yi. Ya ɗan karkata kai dama, ya karkata hagu.

Ya ce, “Tani, fara ce ko ja?”

Na dubi fitilar, na dube shi.

“In ja ce, iska ba ta isa ba. Gaya mini.”

Na ce, “Fara ce. Fara tas.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “Haka na ji a hucinta.” Sannan ya ce, “Kira Sagir.”

Washegari muka tafi. Likitan ya daɗe yana haska idon, ya sa shi a wannan na'ura ya sa shi a waccan. Sannan ya kashe 'yar fitilarsa, ya ce babu sauran abin da aiki zai tsare. Ya juyo gare ni, ba gare shi ba, ya ce, “Mama, me ya hana ku zuwa tun lokacin da na ce?”

Na buɗe baki. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na rasa ta inda zan fara. In ce bawul? In ce wansa? In ce turmi? Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Malam ya lalubo hannuna ya riƙe, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Ya ce, “Wani aiki ne ya riƙe mu, likita. Amma mun gama shi.”

Ban saki hannun ba. Da shi na ja shi muka fito, don ƙofar ma sai an nuna masa.